Akushi Mai Hannu Biyu

"Riƙe nan a kafaɗarki," in ji Dda Bihi, maƙwabcina masassaƙi, ya miƙo mini bakin igiya. "Miƙe hannun. Miƙe shi sosai mana, kamar za ki ɗauko naman da ke gaban wani."

Da damin ciyawar saniya a bayana na tsaya a ƙofar gidansa ina miƙa hannu. Yana zaune a ƙasa kan buzun akuya, da rabin gungumen itacen girga, wannan da muke cin ƙwayarsa kamar gyaɗa, tsakanin ƙafafunsa, ɗanye shar, ko ɓawon bai gama cirewa ba. Ya kama igiyar daidai inda ɗan yatsana na tsakiya ya tsaya, ya ƙulla. Sai na lura akwai wani ƙullin a jikinta, ƙasa da nawa da kusan yatsu huɗu. Ƙauyenmu kaf mace ɗaya ce mai gajeren hannu haka, matarsa Ijja, kuma tana bayan ƙofar tana buga tukwane don in san tana ji.

"Na wane ne wannan, Dda Bihi?"

"Na mutane ne."

"Waɗanne mutane?"

"Masu yawan tambaya. Wuce, Mammas, saniyarki na kuka."

Duk wanda ya taɓa zuwa wurinsa neman akushi ya san tambayarsa guda ce: hannu nawa? In ka faɗa, sai ya sa a kawo masa mai gajeren hannu a gidan ya auna, don kada a zauna cin kuskus wani ya kasa kaiwa tsakiya inda ake ɗora nama. Yana yin mai hannu shida, yana yin mai takwas, akwai na biki mai goma sha biyu. Mai hannu ɗaya ne bai taɓa sassaƙawa ba. Cewa yake wanda zai ci shi kaɗai ya sauka kasuwar Talata ya sayi kwanon roba. Wannan gungumen kuwa, daga ganin faɗinsa ka san na hannu biyu ne.

Kowa kuma ya san halin da yake ciki. Tun lokacin kaɗe girga ɗansa Lahsan ya kai shi asibiti a Marrakesh, likitoci suka yi ta dubawa, suka ce a mai da shi gida ya ci abin da ransa ke so. Ya dawo a kan alfadari, rigarsa ta yi masa yawa. Ba wanda ya sa ran zai ga ƙanƙarar bana ta sauko daga kan duwatsu, sai dai wani ikon Allah.

Ni da Ijja katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan ko sallama ba ta haɗa mu. Bari in faɗi dalilin, tunda in ban faɗa ba wata za ta faɗa da ƙari. Lokacin bikin babban ɗana na ari akushinta mai hannu goma sha biyu, wanda Dda Bihi ya sassaƙa mata shekarar aurensu. Cikin hidima na ajiye shi kusa da murhu, ya kwana yana shan wuta, da safe na tarar ya tsage daga baki har gindi. Abin da ya kamata in yi na sani. Ban yi ba. Na cusa kakin zuma a tsagar, na shafe da baƙin tukunya, na aika mata da shi, kuma don ruɗewa na aika shi babu ko ƙwayar girga a ciki, alhali a wurinmu ba a mai da akushin aro wayam. Da ta zuba miya mai zafi kakin ya narke a gaban baƙinta. Washegari ta same ni a bakin marmaro, ta wanke ni tas a gaban mata ashirin, har da ambaton uwata. Laifi nawa ne, ban musa ba, amma uwata ba ta ari akushin kowa ba.

Tun daga ranar Dda Bihi ya zama ɗan aikenmu. Ijja za ta leƙo daga soro ta ce, "Bihi, gaya wa mutanen bayan katanga akuyarsu na cin albasata." Ni kuma daga tsakar gidana in ce, "Dda Bihi, gaya wa masu albasa su gyara shingensu." Shi ko kai ba ya ɗagawa daga sassaƙa, sai ya ce, "An gaya musu." Da haka muka yi rabon ruwan lambu, da haka muka yi barka da salla, da haka ta yi mini gaisuwar mijina Addi da ya rasu.

Kwana biyu bayan awon nan na ji su ta katanga. Ba laɓe na yi ba, muryar Ijja ce ba ta san katanga ba.

"Hannu biyu? Wa zai zauna ɗaya gefen? Ko likita ya gaya maka wani abu a kunne da bai gaya mini ba?"

"Lahsan ya ce ki koma wurinsa Kasablanka, kin ƙi."

"In je in zauna a bene na huɗu ina kallon matarsa tana dafa abinci a tukunya mai fito? A nan za a binne ni."

"To shi ke nan. Bar ni in yi aikina."

"Na ga igiyar, Bihi. Na san ƙullin da ka yi. Wallahi gara in ci da kyanwa."

"Kyanwa ba ta da hannu," ya ce, sai na ji gizago ya ci gaba.

Shekara arba'in ina jin gizagon nan ta katanga, har na san aikinsa da kunne. Da fari gatari, a raba gungume biyu a fitar da zuciyar itacen, don daga nan tsaga ke farawa. Sai babban gizago ya rarake ciki, sai ƙarami mai lanƙwasasshen baki ya bi, daga ƙarshe wuƙa mai kamar ƙugiya ta kankare. A da tun daga hantsi har azahar ba ya tsayawa. Yanzu sai in ji sara goma, a yi shiru, a yi tari, sannan a ƙara shida. Na kama kaina ina ƙirgawa ina tankaɗe, kuma duk lokacin da shirun ya yi tsawo sai in ajiye rariya.

Ranar Talata Ijja ta sauka kasuwa sayen sukari da ganyen shayi. Tana ɓacewa a kwanar masallaci Dda Bihi ya kira ni.

"Mammas, zo ki ara mini ƙafafu."

Na fito na tarar akushin ya fara kama da akushi, amma ƙafafun Dda Bihi sun kumbura, ba sa iya matse shi. Duk saran da ya yi sai itacen ya zame. Na zauna a gabansa na riƙe da hannu biyu, na tokare da gwiwa.

"In ka sare mini yatsa fa?"

"Kina da tara. Juya mini shi kaɗan."

Ya yi ta sara a hankali, ƙananan ɓarɓashi masu ɗanshi suna zubo mini a zane. Lokaci lokaci sai ya tsaya ya matsa bakin akushin tsakanin babban yatsa da manuni, ya rufe ido, ya ce nan ya yi kauri. Hannun da ba ya iya ɗaga butar shayi, in ya riƙe gizago ko rawa ba ya yi.

"Da ina da shekara guda," ya ce, "da na bar shi da kauri, na binne shi cikin ɓarɓashinsa a ɗakin dabbobi, sai baɗi in tono in gama. Ba ni da ita. Ɗanye zan gama shi. Don haka rana ba ta ganinsa, iska ba ta taɓa shi, man zaitun safe da yamma har kwana arba'in. Kin ji?"

"Me ya sa ni kake gaya wa? Ka gaya wa mai shi."

"Yaushe rabonki da ki ci abinci a zaune?"

Ya same ni inda ban zata ba. Shekara bakwai ke nan da rasuwar Addi, 'ya'yana ɗaya na Kasablanka ɗaya na Faransa. Watan farko na riƙa zuba abinci a akushi in zauna. Daga baya na ga wahala ce, na koma ci daga tukunya a tsaye, wata rana ma gurasa da shayi kawai, wata rana in manta. Ban taɓa gaya wa kowa ba, kuma na ji kunya ƙwarai da na gane ya sani.

"Hayaƙin gidanki nake gani," ya ce. "Ke kina da taurin rai, kin jure. Ijja ba za ta jure ba. Tun tana 'yar shekara goma sha bakwai ba ta taɓa sa loma a baki ba sai da wanda za ta yi wa faɗa a gabanta. In na tafi, wata uku ba za ta yi ba."

"Ita ta zagi uwata."

"Ta zaga."

"To ita za ta fara magana."

"Wannan kuma ba aikin gizago ba ne. Riƙe da kyau."

Muna cikin haka Ijja ta dawo, ashe ta sami mota ta rage mata hanya. Ta tsaya da kwandonta tana kallona, ina zaune a ƙofar gidanta da akushi a hannu. Na ƙi ɗaga kai.

"Bihi," ta ce, "gaya wa mai riƙon nan ta bi a hankali. Hannunta ya saba fasa akushi."

"Dda Bihi, gaya wa mai kwando sukarinta na zuba."

Ta duba, da gaske yana zuba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, muka zabura tare, ita ta tallafi kansa ni na kawo ruwa. Da ya lafa ya ce, "An gaya musu."

Kwana tara na yi ina riƙe masa akushin nan, kullum da hantsi in rana ta ɗumama ƙofar gida. Ijja takan kawo shayi kofi biyu ta ajiye, ta ce, "Ɗaya naka ne, ɗayan ban san na wane ba." Ya gama cikin, ya kankare shi sumul har in ka shafa sai ka ce kuncin jariri. Bayan ne bai samu ya gama ba. Ya bi rabinsa da wuƙa, sauran rabin yana nan da sawun gizago. Ranar Laraba ya ɗaga wuƙar ya kasa, ya dube ta, ya miƙa wa Ijja ya ce ta shafa mata mai ta rataye. Da kansa ya tura akushin cikin buhun ɓarɓashi, ya ce a kai kusurwar ɗakin dabbobi.

Alhamis da hantsi ina soro ina shanya masara, sai na ji Ijja.

"Bihi, gaya musu kana son fita rana, ni kuma ba zan iya ɗaga ka ni kaɗai ba."

Na sauko da sauri. Muka ɗauko shi cikin bargo, ita ta kama ta kai ni ta ƙafa, bai fi damin ciyawa nauyi ba. Muka jingina shi da katanga a kan buzunsa. Ya daɗe yana kallon gangaren, inda itatuwan girga suka zubar da ganye, mata biyu suna wanki a bakin rafi.

"Wancan na gonar Hmad," ya ce, yana nuni da haɓa, "ya isa sara. Mai hannu takwas biyu za su fita a jikinsa."

"Kai dai ka huta," in ji Ijja. "Ka sha shayi?"

"Zuba."

Ta shiga ɗauko buta. Ya yi kalmar shahada a hankali, kamar mai magana da kansa, na taya shi. Ya ja numfashi biyu masu tsawo, kansa ya kwanta a kafaɗa. Ijja ta fito da buta a hannu, ta tsaya. Ta ajiye ta a ƙasa a hankali, ta durƙusa ta rufe masa ido, ta gyara masa hula. Sannan ta ɗago ta dube ni, bakinta ya buɗe, na ga sunana ya zo har leɓenta. Sai ta mai da fuska gare shi.

"Bihi," ta ce, "gaya mata ta kira liman."

Na tafi na kira liman, ina kuka tun daga ƙofar gida har masallaci.

An binne shi bayan la'asar. Kwana uku ba a hura wuta a gidan mamaci, maƙwabta ke ciyar da su, kuma wanda ya haɗa katanga da su shi ne kan gaba. Wannan ba ya bukatar magana. Na dafa, na kai, na kwaso kwanuka, cikin mata hamsin ba wanda zai lura mutum biyu ba sa gaisawa. Ijja na zaune cikin fararen kayan takaba, ana miƙa mata abinci tana karɓa tana miƙa wa na kusa da ita. Na sa mata ido, ban ga loma uku sun shiga bakinta ba.

Lahsan ya iso washegarin jana'iza da matarsa. Yarinyar kirki ce, mai son aiki, ba ta san komai ba ne kawai. Ta ga baƙi sun yi yawa, ta share ɗakin dabbobi don a ajiye takalma da kaya, ta zazzage buhun ɓarɓashi a murhun waje, ta ɗauki akushin ta kai soro ta kife shi a rana don ya bushe. Sai rana ta uku da yamma na hau sorona kwashe masara na hango shi. Yini biyu ke nan yana shan rana da iskar duwatsu.

Na tsallake 'yar katangar da ke tsakanin sorayenmu, da shekaruna, na ɗauko shi. A bakinsa akwai tsaga tsawon ɗan yatsa. Na kai shi ɗakina na zauna da shi a cinya, raina ya ɓaci. Na shafe shi da man zaitun ciki da baya, na ɗaure bakin da siririyar waya yadda na sha ganin Dda Bihi na yi, na naɗe shi cikin buhu mai ɗanshi. Ba zan ɓoye ba, akwai kakin zuma a kan taga, kuma na dube shi fiye da sau ɗaya.

Rana ta huɗu baƙi suka watse. Lahsan ya yi ta roƙon uwarsa a ƙofar gida ta bi su, ta ce ya gaishe da yara. Motarsu ta gangara, ƙauye ya koma yadda yake. Tun safe nake duban soron Ijja. An yi hantsi babu hayaƙi, an kira azahar babu hayaƙi. Haƙƙin maƙwabtaka ya ƙare jiya, ba wanda zai zarge ni in na zauna a gidana, kuma yanzu babu wanda zan aika.

Na turara kuskus na sha'ir sau uku, na yi miyar kabewa da albasa, na ɗora sauran naman da aka kawo mini na sadaka. Na zuba a akushin. Na tsaya a ƙofar gidanta har tururin ya fara raguwa, sannan na tura ƙofar da ƙafa.

Tana zaune a ɗaki ita kaɗai, a gefen murhun da ba wuta. Ta dubi akushin, ta dube ni, sannan ta waiga inda buzun Dda Bihi ke naɗe a jikin bango. Ni ma wajen na waiga, don bakina ya saba.

"Ijja," na ce. Sunan ya yi mini nauyi a baki. "Ya tsage. Ga wurin nan, inda na ɗaure da waya. A soro na same shi. Wannan ba ni ba ce." Na gyara riƙon akushin. "Na farkon ni ce. Kusa da murhu na ajiye shi, kuma ni na cusa kakin."

"Da wa kike tsammani na ce ya cusa? Liman?"

"Na ce dai in faɗa."

"Shekara goma sha ɗaya kafin ki faɗa." Ta goge hanci da gefen mayafi. "Uwarki kuwa mutuniyar kirki ce. Ita ta koya mini saƙa. Ban san abin da ya kai bakina gare ta ba."

Na ajiye akushin tsakaninmu na zauna. Ta sa ɗan yatsa ta bi wayar, ta ja ta ta ji ƙarfinta.

"Kin matse ta da yawa. Wa ya koya miki ɗauri?"

"Mijinki."

"Bai koya miki daidai ba." Ta ɗebi kuskus ɗin ta mulmula a tafin hannu, ta sa a baki, ta daɗe tana taunawa. "Gishiri ya yi kaɗan, Mammas."

"Haka nake cinsa."

"Shi ya sa kika bushe. Gobe ni zan dafa."

Muka ci. Ba ta ci da yawa ba, amma ta ci, ni ma na ci har na ji cikina ya yi nauyi. Da muka gama ta ɗaga akushin kaɗan, ta shafe maiƙon da ke yatsunta a bayansa, tana cusa shi cikin sawun gizago ɗaya bayan ɗaya. Na jira ta gama gefenta, na juyo shi, na shafa nawa.